Kano zuwa Jidda: wai tafiya ta fi dawowa tsawo?

Baffa Alhaji: Ni da na hau jirgin nake gaya muku. Hajjin 2019 mun tashi daga filin Malam Aminu Kano ƙarfe 10 na dare, muka sauka Jidda 4 da rabi na asuba. Awa shida da rabi ke nan. Dawowa kuwa 9 na safe muka ɗaga, 11 da rabi muna Kano. Hanyar dawowa ta fi kusa, ba ja.

Direban Ringim: Allah ya ja da ran Baffa, hanyar da ta kai ka ai ita ke dawo da kai. Ni ban taɓa ganin Ringim zuwa Kano ya fi Kano zuwa Ringim nisa ba. In ma za a bi ta nauyi, dawowa ce ya kamata ta yi jinkiri, ga dabino ga jakunkunan tsaraba kamar za a buɗe kanti.

Autan gida: Duniya ce ke juyawa gabas. Kana dawowa yamma sai Kano ta taho ta tarye ka.

Malamin firamare: Auta, da haka ne, sai ka yi tsalle a tsakar gida ka dira a gonar maƙwabta. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da ƙasa. Baffa, a gafarce ni, ga lissafin. Tsakanin filayen nan biyu kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe. Babban jirgin fasinja na cin wajen kilomita 850 a awa, awa huɗu ke nan, a ƙara na tashi da na sauka ya zama huɗu da rabi ko kusan biyar. Abin da ya shiga tsakani agogo ne: Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Kun tafi an ƙara muku biyu a kan huɗu da rabi, kun dawo an zare su.

Baffa Alhaji: Malam, boko ba ya hana ganin ido. Ni ban taɓa agogona ba.

Malamin firamare: Na hannu ko na waya?

Baffa Alhaji: Na waya mana.

Malamin firamare: Ita ai da ta kama layin can sai ta gyara kanta, ba ta neman izini.

Yaya Alhaji: Kada dai a ce kullum huɗu da rabi ne. Mu a 2023 mun daɗe a sama fiye da haka, har ƙafata ta kumbura cikin silifa. Yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyarsu, dole jiragen alhazai suka yi zagaye. Amma zuwa da dawowa duk mun sha zaman, ba wanda ya yi sauƙi.

Baffa Alhaji: To ni dai jikina ya gaya min tafiyar ta fi tsawo.

Hajiya Inna: Alhaji, bari in tuna maka. Kana sauka ka bugo min, kana ta faɗa wai a tashi yara asuba ta kusa. Na haska tocila a agogon bango, biyu da rabi na dare, ko zakara bai motsa ba. Sai da na ce maka ka bar mu mu yi barci.

Baffa Alhaji: Wa ya sa Hajiya a cikin zauren nan?