Intanet ɗin ofishinmu na rarrafe da rana, yaya zan gano mai cinye layin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutoci 18 a wani ƙaramin ofishi, duk a kan rauta ɗaya, layinmu megabit 20 a daƙiƙa. Da safe komai lafiya lau, rana na yin tsaka sai kiran bidiyo ya fara katsewa. Speedtest da safe ya nuna cikakken gudu. Na sa Wireshark, manhajar ganin bayanan da ke bi ta layi, a kwamfutata, ban ga komai ba sai nawa. Oga ya ce a ƙara girman layi kawai. Me kuka gani?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Malam, Wireshark bai yi maka ƙarya ba. Siwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinku da waya, ba ya watsa kaya ga kowa, ƙofar da aka nufa kaɗai yake miƙa wa, shi ya sa naka kawai ka gani. In siwic ɗinku na da tsarin kwafe abin da ke bi ta wata ƙofa zuwa wata, kwafo ƙofar rauta zuwa taka. Amma ni da a rautar zan auna. Duba ko tana fitar da NetFlow, wanda Cisco ya ƙirƙira, ko makamancinsa IPFIX. Ba ya buɗe saƙon kowa, yana dai rubuta wace kwamfuta ta yi magana da wane adireshi, bayit nawa, tsawon wane lokaci. Tura wa ntopng, manhajar da ke nuna wannan bayanin, ka bar shi mako guda kafin a kashe ko sisi.

Wata 'yar uwa: Ɗan uwa, duba ɓangaren ɗorawa, ba saukewa kaɗai ba. Ya taɓa faruwa da mu, wata kwamfuta ce ke tura ajiyar hotuna zuwa Google Drive ta cika hanyar fita, kowa ya tsaya cak. Bar ping, mai auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana tafiya da rana. In ya tashi daga milidaƙiƙa 30 zuwa ɗaruruwa, kaya ne suka yi layi a rautar.

Wani dattijon zaure: Ka lura, in ka yi amfani da MRTG, manhajar zana yawan abin da ke bi ta layi, zanensa matsakaicin minti 5 yake nunawa, cunkoson daƙiƙa 20 sai ya ɓace a ciki. Kuma megabit 20 megabayit 2.5 ne kacal.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Rautarmu na da NetFlow ashe, na kunna yanzu. Oga ya yarda a jira zuwa Juma'a.