Takarda ɗaya ta ce AA, ɗaya ta ce AC: wacce za mu bi?

Abban Ikram:
Assalamu alaikum. Ana shirin auren ƙanwata a Agege bayan Babbar Sallah. Ita AS ce. Manemin ya yi gwajin jinotaif, wato gwajin jini da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, a wuri biyu, ɗaya aka rubuta masa AA, ɗaya AC. Danginsa sun ce tunda babu S ko a ɗaya, ai shikenan. Haka ne?

Malam Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Jinotaif ba ya sauyawa, da shi ake haihuwar mutum, don haka ɗaya daga cikin takardun kuskure ce. Ka fara duba irin gwajin da aka yi.

Akwai mai araha, wanda ake ɗiga jini a kan gilashi a haɗa shi da wani sinadari mai janye iska, sannan a leƙa madubin ƙara girma a ga ko jajayen ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan S kaɗai yake kamawa. Mai AC zai fito fes, wasu kuma sai su rubuta AA kai tsaye. Ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan. Gwajin ma ba ya rabe AS da SS.

Na ƙwarai shi ne elektiroforesis: ana ɗora jinin a kan 'yar takarda ta musamman, a saki lantarki, kowane nau'i, A ko S ko C, ya yi tafiyarsa. Nau'in A yakan yi nisa, S ya tsaya a tsakiya, C ya makale can baya. Shi ma yana lalacewa idan ruwan sinadarin ya tsufa, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko ba a jera jinin da aka san nau'insa a gefe don kwatanci ba. Wanda ya fi duka shi ne gwajin na'ura da ake kira HPLC, domin yana faɗin kaso nawa ne na kowane nau'i. Kuma idan an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce, ya dakata, jinin wani za a karanta.

Maman Sadiya:
Abban Ikram, zancen "babu S" ɗin nan shi ke jefa mutane cikin wahala. Ai S ɗin yana wurin ƙanwarka. Idan AS ta auri AC, kowane ciki yana iya fitowa AA, AS, AC ko SC, kowanne kashi 25 cikin 100. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai ɗauka ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya jera uku masu SC.

SC kuwa sikila ce. Ƙarancin jininta bai kai na SS ba, shi ya sa wasu sai sun girma ake ganewa, amma tana taɓa jijiyoyin bayan ido har gani ya raunana, tana cinye kan ƙashin ƙugu, kuma goyon ciki yakan yi wa mace tsanani. Nau'in C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa sosai a ƙasar Yarbawa, don haka a Legas ba baƙon abu ba ne.

Baba Idi-Araba:
Ku je Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba, daura da LUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. A sake gwada su duka biyun, har ita, tunda takardarta ma ba mu san yadda aka yi ta ba. Akwai masu ba da shawara da za su zaunar da su su yi musu bayani. Wani babba daga kowane ɓangare ya raka su, a ɗebi jinin a gabansa, a duba sunan da aka rubuta a jikin kwalbar, shi kuma ya karɓo sakamakon. A yi wannan kafin a kai lefe.

Abban Ikram:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar AA ɗin, ba a ma rubuta irin gwajin ba, tambari ne kawai da sa hannu. Litinin za mu je in sha Allahu.