Neman kalma: me za mu kira TREADWEAR ɗin nan da ke jikin taya?

Jama'a salamu alaikum, akwai kalmar da nake so mu haɗu mu yanke mata suna da Hausa. Duk wanda ya fara sha'awar shiga filin tseren mota da motarsa ta yau da kullum, irin ranakun nan da ake buɗe fili ga 'yan koyo kowa ya biya ya shiga ya yi ta zagaye ba gasa ba kofi, maganar farko da zai ci karo da ita ta taya ce, za ka ji ana ta cewa sayi mai 200, kar ka kuskura ka shiga da mai 600. Toh wannan 200 ɗin a gefen tayar take, an rubuta TREADWEAR 200, kusa da ita akwai TRACTION da TEMPERATURE. Tsarin NHTSA ne, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, tun ƙarshen shekarun 1970. Ana ɗaura tayar a mota a yi ta yawo da ita a titunan jihar Texas wajen garin San Angelo har mil 7,200, sai a gwada yadda ta cinye da yadda wata taya ta ma'auni ta cinye, ita waccan an ba ta 100. Mai 200 kenan ana sa ran ta ninka ta daɗewa, mai 400 ta ninka sau huɗu. Ni dai na fara da "lambar suɗewa", me kuka gani?

— Wa alaikumus salam. Malam lambar suɗewa ta juya maganar ai. In ka ce wa mutum lambar suɗewar wannan 600 ce waccan kuma 200, wallahi zai ɗauka mai 600 ce ta fi saurin suɗewa, alhali ita ce za ta fi daɗewa a ƙarƙashin mota. Kalmar Turancin ma kanta wannan matsalar gare ta, bai kamata mu kwaso ta da aibunta ba.

— Ni a ganina a ce "lambar taurin roba" kawai. Mai ƙaramar lamba robarta laushi gare ta shi ya sa take kama kwalta a kwana, mai babbar lamba tauri gare ta shi ya sa take jimawa. Shikenan an gama.

— Oga kusan haka ne amma ba tauri aka auna ba fa, taurin roba na'urarsa daban ce. Kuma zurfin zanen tayar yana shiga lissafin, da yadda aka gina ta. Ga Yokohama Advan A052 ga Hankook Ventus R-S4, dukansu 200 aka rubuta musu, amma masu zuwa fili sun san ta farkon riƙon kwalta gare ta na ban mamaki sai dai ba ta jimawa musamman a mota mai nauyi, ta biyun kuwa ba ta kai ta riƙo ba amma tana shan zafi da wahala ta yini ana zagaye da ita, shi ya sa masu tseren dogon zango na 'yan koyo suke son ta. In ka ce tauri ne to kamar ka ce robarsu ɗaya, kuma ba ɗaya ba ce.

— To wai me ya sa lambar ta zo ɗaya in halinsu ya bambanta haka?

— Yauwa ɗan'uwa, nan ne gizo ke saƙar. Ba hukumar ce ke rubuta lambar ba, kamfanin tayar ne da kansa yake bayarwa, doka dai ta hana shi rubuta sama da abin da tayar za ta iya, amma in ya ga dama ya rubuta ƙasa ba laifi. Sannan ƙungiyoyin shirya tseren mota irin su SCCA a Amurka sun sa doka cewa a rukunin motocin titi sai taya mai 200 ko sama, kaga kamfanoni sai suka shiga rige-rigen ƙera taya mafi riƙo da za a iya manna mata 200. Bridgestone Potenza RE-71RS, Falken Azenis RT660, duk 'yan wannan layin ne. Don haka 200 ta zama kamar sunan aji, ba awon da za ka dogara da shi ka lissafa kilomita nawa za ta yi ma ba. Ni shi ya sa ma kalmar "lamba" ba ta kwanta min ba, don taya cike take da lambobi, ga ta girma irin 225/45R17, ga ta ranar ƙira mai alƙaluma huɗu, 2323 na nufin mako na 23 a shekarar 2023, in ka ce wa mai faci duba min lambar tayar nan girman zai karanto ma. Shawarata "makin ƙarko". Ƙarko mun san shi, abu mai ƙarko shi ne mai daɗewa, kuma yawan maki yawan ƙarko, bai juya ba. Maki kuwa wani ne ke bayarwa, a nan ma ɗalibin ne ya duba takardar jarrabawarsa da kansa.

— Makin ƙarko ya yi daɗin faɗa gaskiya. Amma Yaya tsorona ɗaya, Bahaushe in ya ji ƙarko to ya ji alheri, sabon shiga zai je ya nemo mai maki 700 ya ce ya more. Ya shiga fili zagaye uku robar ta ɗau zafi ta fara santsi, bakin tayar na waje ya fara ɓantarewa gutsure-gutsure, ya taka birki mota ta ƙi tsayawa inda ya so.

— Wannan ba laifin kalmar ba ne ƙanena, aikin bayani ne. Ƙarko a titi daban, juriyar zafi a fili daban. Kuma ni da za a bi ta tawa ba zan tura sabon shiga kan mai 200 ba tun ranar farko. Irin Michelin Pilot Sport 4S mai maki 300 ta ishe shi, tana aiki in an yi ruwa, da ita zai je da ita zai koma gida, kuma kafin ta saki kwalta sai ta yi ƙara ta ja masa kunne. Masu riƙo sosai irin Toyo R888R mai maki 100 suna rufe wa ɗan koyo kurakuransa, yana shiga kwana ba daidai ba amma tayar tana ceton sa, ranar da za ta sake shi kuwa yana kan gudun da hannunsa bai iya gyarawa ba tukuna. Ga shi riƙo in ya ƙaru birki da ƙafar mota su ne ke biyan kuɗin. Abin da ya fi maki muhimmanci ma a ranar shi ne gejin auna iska, iskar taya tana hawa sosai in ta yi zafi, dole kana fitowa daga fili ka auna nan take ka rage, da yamma in ta huce ka mayar kafin ka hau titi.

— Na yarda da makin ƙarko, na janye suɗewa. Kenan sauran biyun ma sun samu, TRACTION ya zama makin riƙo, TEMPERATURE makin jure zafi.

— Na zafin ba gardama, A, B, C ne kuma mai zuwa fili A zai nema. Amma makin riƙo a yi hattara Malam, AA ko A ɗin da ake rubutawa a gaban TRACTION birki ne a miƙe a kan jiƙaƙƙen titi aka gwada, bai ce komai ba a kan kwana ko busasshiyar kwalta, in muka bar shi "riƙo" tsurarsa mutane za su ɗauka shi ne riƙon da ake nema a fili. Sai dai makin birkin ruwa, ko wani ya kawo wadda ta fi.