Na tsinci kaset ɗin gem na Japan a kwalin gwanjo, ko suna da daraja?

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na sayi kwalin tarkacen kayan wuta a babbar kasuwa, saboda cajojin ciki. A ƙasan kwalin sai ga kaset shida, rubutun Japan kaf. Ɗaya ya shiga tsohon gem ɗin da muka buga Mario da shi muna yara, ya kuma tashi. Sai dai ban gane kansa ba: allo cike da ƙusoshi, ƙananan ƙwallaye na ta gangarowa, ga wani ɗan mutum mai siffar ƙwallo yana yawo. Sauran biyar sun fi ramin girma. In ajiye ko in ba yara?

Malamin sakandare, Daura:
Wa alaikumus salam. Kada ka ba yara tukuna, ƙanena. Pachinko ke nan, injin da Japanawa ke murɗa wa hannu yana harba ƙwallayen ƙarfe tsakanin ƙusoshi. Ɗan mutumin nan ina jin Pachio-kun ne, wanda kamfanin Coconuts Japan ya fara fitarwa a Famicom, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, a 1987. Gem ɗin da aka kawo mana ƙasar nan kwafin Famicom ne, mai haƙora 60, shi ya sa kaset ɗin ya zauna daidai. Manyan kuma mai yiwuwa na Super Famicom ne, magajin Famicom da ya fito a 1990.

Abin da ke jan masu tarawa shi ne, wasannin baya sun kwaikwayi injunan gaske na kamfanoni irin Sankyo, har da sautinsu. Mutum ya zauna a gida yana koyon duba karkacewar ƙusa ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. Su kuwa gidajen pachinko, inda ake biya a buga, ba sa barin inji ya tsufa, sabo na zuwa za a fid da tsoho. To yau in kana son jin ƙarar injin 1995, sau da yawa sai a kaset.

Batun kuɗi kuma, kada ka sa rai da yawa. An buga su birjik, tsiraransu arha ne. Mai kwali da ɗan littafinsa, ko hannun murɗawa na musamman, shi ake nema.

Wata uwa, Ƙofar Marusa:
Malam, ai wannan caca ce aka yi wa kwalliya. A Japan ma doka ta hana caca da kuɗi, shi ya sa ake ba wanda ya ci kyauta ya zagaya wani shago kusa ya sayar. Ko babu sisi a kaset, ni dai ba zan koya wa nawa ba.

Mai gyaran rediyo, Ƙofar Guga:
In ka nemo Super Famicom, wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. Na taɓa cusa adaftarsa a bango kai tsaye, ƙauri kawai na ji. Nemi tiransifoma mai rage wuta.

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Hajiya, na ji, yara ba za su gani ba. Malam, akwai wata takarda mai launi da na naɗe sukurori da ita jiya, bari in je in warware.