"Mai haƙuri shi kan dafa dutse": wa ke dafawa, mai zana manga ko mai karantawa?

Ɗan Gwammaja: Jama'a ku raba mu gardama da ƙanena. Jiya na ce masa na gaji da One Piece, wato wata manga (labarin Japan cikin zane-zane), zan ajiye. Sai ya kalle ni ya ce wai mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Labarin nan tun 1997 Eiichiro Oda ya fara shi a mujallar Weekly Shonen Jump, a lokacin ko haihuwar yaron ba a yi ba. Yau an wuce babi 1,100, littafi ya haura 100, kuma har yanzu ba mu ga taskar da ake ta nema a cikin labarin ba. Ni dai na ce karin maganar ba ta hau nan ba.

Bazazzagiya: Ta hau mana, Yaya. Kai da ka kai tsakiyar kogi, yanzu ne za ka juya? Tun 2022 Oda da kansa ya ce an shiga zangon ƙarshe.

Kawu Ilu: 'Ya'yana, ku dubi kalmar "dafa" da kyau. Ba a ce mai haƙuri shi kan jira dutse ba. Mai dafuwa shi ne ke iza wuta, yana ƙara itace, hayaƙi na shigar masa ido. Haƙurin da magabata ke nufi a nan haƙurin aiki ne, irin na manomi da maƙeri. In dai haka ne, mutumin da ya shafe kusan shekara 30 yana zana shafuka mako bayan mako shi ne a bakin murhu. Mai karatu kuwa zaune yake da kwano yana jiran a sauke tukunya. Shi ma haƙuri ne, ban musa ba, amma ba shi aka yi wa karin maganar ba.

Bazazzagiya: Kawu, a yi min afuwa, amma a Japan mai karatu ma yana iza wutar. Cikin mujallar akwai katin da ake cikewa, mutum ya zaɓi labarai uku da suka fi burge shi a wannan makon ya aika wa Shueisha, kamfanin da ke buga mujallar. Labarin da ya yi ta zuwa ƙasa sai a tura shi can ƙarshen mujalla, daga nan a datse shi, wani ko wata shida bai cika ba. Da masu karatu sun janye hannu da tuni wutar Oda ta mutu.

Ɗan Gwammaja: To ai kin ƙara min hujja ne. Kamfanin ba ya haƙuri da kowa, sai mu ake cewa mu yi. Kuma ni da ke a waya muke karantawa, kati nawa muka taɓa aikawa Tokyo? 'Yan cin arziki ne mu a gidan biki.

Na Damagaram: Ni abin da ya dame ni shi ne wutsiyar maganar, "har ya sha romonsa". Alkawari ne wannan ko fata? Kentaro Miura ya fara Berserk a 1989, ya rasu a watan Mayun 2021 bai kammala ba. Amininsa Kouji Mori da yaran Miura masu taya shi zane ne suka ɗora daga abin da marigayin ya taɓa gaya wa Morin. Wanda ya bi labarin shekara 32, romon wa zai sha?

Kawu Ilu: Tambaya mai kyau. Karin magana ba takardar yarjejeniya ba ce. Kowa ya san dutse ba ya nuna; an zaɓe shi ne don a kai maganar maƙura. Ƙarfafa gwiwa take yi wa wanda ke cikin wahala, ba ta ɗaukar masa lamuni a kan ajali.

Na Damagaram: Shi ya sa na fi son gajeren labari. Demon Slayer daga 2016 zuwa 2020 aka yi ta, littafi 23, aka rufe tana tsakiyar tashe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kawu Ilu: Nan kuma ka ɗauko wadda ba ta wurin ba. Waccan a kan ƙin farawa take. Wanda ya yi rawa mai kyau ya zauna tun ana tafi, ai ya tashi.

Bazazzagiya: Ku da kuke kukan jira, kun manta littattafan Hausa na kasuwar Kano? A sayi na ɗaya da na biyu, na uku sai an shekara ana leƙa shago. Mun saba tun kafin mu san akwai littafi irin manga da ake karantawa daga dama zuwa hagu in ba ajami da Larabci ba.

Ɗan Gwammaja: Na nuna wa ƙanen nawa maganar Kawu, ya ce to in ni ba mai dafuwa ba ne, in matsa daga bakin murhu in daina yi masa ƙorafi. Zan ci gaba dai. Amma babi 40 nake baya, don Allah kada wanda ya gaya min abin da ya faru.