Biza, izini ko iƙama: wane suna ya dace da takardar ɗalibi?

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya jawo wannan magana shi ne muhawarar da muka yi jiya bayan la'asar a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, lokacin da ɗan yayana, wanda zai tafi Kanada karatu, ya buɗe fasfonsa yana nuna mana takardar da aka manna masa a ciki. Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya juya fasfon a hannunsa, sannan ya ce bai ga dalilin da za mu riƙa cewa biza ba alhali muna iya cewa izinin karatu.

Na ce masa, Allah ya gafarta Malam, yaron nan da kansa zai warware mana. Abin da ke cikin fasfonsa zai kai shi bakin iyaka ne kawai, kuma sai ya sauka a filin jirgi jami'in kan iyaka zai buga masa wata takarda daban wadda ta ba shi damar zama ya yi karatu. Idan muka kira ta farko izinin karatu, to da wane suna za mu kira ta biyu, wadda ita ce izinin karatun na gaskiya?

A Amurka ma, inda makaranta ke aiko wa ɗalibi takardar I-20, mai tabbatar da an ɗauke shi karatu, kafin ya nemi bizar da ake kira F-1, biza kan ƙare yana cikin ƙasar ba tare da zamansa ya haramta ba, domin aikinta shigarwa ne. A Jamus kuwa, ɗalibi kan shiga da biza ta 'yan watanni, sannan ya je ofishin baƙi ya karɓi katin zama. Wannan katin ba sai mun ƙirƙiro masa suna ba, tunda 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda sun daɗe da koya mana iƙama.

Wani da ya yi karatu a Masar ya kawo kalmar ta'ashira, wato sunan biza da Larabci, amma ban taɓa jin maniyyaci ko ɗan kasuwa ya furta ta ba. Ita kuwa biza ta riga ta zama 'yar gida, har muna cewa bizata ta fito, an hana shi biza.

Saboda haka ra'ayina shi ne a ce bizar karatu, ba bizar ɗalibi ba, domin Bahaushe da dalilin tafiya yake raɗa mata suna: bizar Umara, bizar aiki, bizar ziyara. A bar izinin karatu ga irin takardar Kanada, iƙama kuma ga katin zama.

Malam ya amince da wannan, amma ya ƙi amincewa da "shaidar gurbi" da na ba I-20 da lambar CAS da jami'o'in Ingila ke ba ɗalibin da suka ɗauka, yana cewa gurbi na kaza ne. Wanda yake da abin da ya fi wannan, muna saurarensa.