Abin da ka saya a intanet, naka ne ko haya ce?

Mai Shagon Caji, Tudun Wada: Jama'a, jiya na faɗa a majalisa aka yi mini ca, yau ma ina kan bakana. Duk abin da ka biya kuɗinsa amma sai da data da lambar sirri za ka buɗe shi, fim ne ko littafi, ba naka ba ne. Haya kake yi.

Ɗalibin Jami'a: Haba Yaya! Memori nawa suka mutu a shagonka? Wayata ta faɗa rijiya a Ƙauran Namoda, na sayi wata, ina sa imel hotuna da takardun karatuna suka dawo. Wa ya taɓa tsamo memori daga rijiya?

Mai Shagon Caji: Ƙanena, ka manta Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya? Lokacin mai memori ne sarki. Kai kuwa sai ka biya kuɗin mota zuwa Funtuwa kafin ka leƙa abin da kake cewa naka ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ku bar zancen fim. Layin da na buɗe shafin tallan atamfa da shi na ajiye a jaka wata da watanni, ashe kamfanin ya ba wani lambar. Da na canza waya aka ce an tura lambobi shida na shiga shafin zuwa layin, can suka tafi wurin baƙo. Na kira shi, ya ce bai san zancen ba, ya kashe. Kwastomomin shekara huɗu ke nan, har da masu bashina.

Ɗalibin Jami'a: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma wannan ai sakaci ne.

Hajiya Mai Atamfa: Sakaci? Shagona na kasuwa in na rufe shi wata shida, ba wanda zai ba wani makullin.

Malamin Kwamfuta: Mai shago yana da gaskiya a rubuce. Yarjejeniyar nan da muke danna amincewa ba mu karanta ba, izinin amfani take bayarwa, ba mallaka ba. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan intanet, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗewa. An dai mayar musu da kuɗinsu.

Baba Alhaji: Yara, ni tambayata ta gado ce. In mutum ya cika, yaya za a fitar wa matarsa tumunin irin wannan dukiya?

Mai Shagon Caji: Baba, wayoyin mamata uku aka kawo mini bana. Ko lambar buɗewa iyalan ba su sani ba.